Gona ta Ashirin da Bakwai

Kwana goma sha ɗaya ke nan ruwa bai leƙo gonar Inusa ba, ga shi alkamarsa ta fara fitar da kai, daidai lokacin da ƙishi yake kashe ta. Gonar tana can ƙarshen wani ƙaramin kanal a ƙasan dam ɗin Tiga, ita ce ta ashirin da bakwai, daga ita sai daji. Ita aka ba mahaifinsa lokacin da dam ya cinye garinsu, ita ce kuma abincin mutum tara a gidansa. In ta mutu, ba shi da wata.

Shekara ashirin da shida Malam Maikano yana riƙe da makullin ƙofar ruwan nan, ba a taɓa jin kan manoma ba. Mutum ne da ko maƙiyinsa bai iya ɗora masa ƙarya. Al'adarsa ita ce ya fara shayar da na ƙarshen layi, ya biyo baya-baya, tasa gonar da ke bakin ƙofa ita ke sha a ƙarshe. Ganin haka sai kunya ta hana manyan da ke gaba su tare ruwa. Ba takarda, ba kwamiti, komai yana cikin kansa: wa zai sha ran Litinin, wa ya yi musaya da wa, gonar wa ce mai yashi da ke son ƙari.

Shekara uku da suka wuce Badamasi, ma'aikacin ruwa, ya zo taro ya ce a rubuta tsarin, a zaɓi mutum biyar su sa ido. Wa kuke zato ya fara miƙewa? Inusa ne, da bakinsa mai kaifi. Ya ce, "Takarda ta marasa amana ce. Wannan ai zagin Malam ne." Jama'a suka ce haka ne. Malam Maikano ya sunkuyar da kai yana murmushi, don shi ma ɗan Adam ne, yabon ya yi masa daɗi. Badamasi ya naɗe takardarsa ya hau babur.

To, bana ran wata Laraba Malam ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Makulli ya koma hannun Shamsu, ɗan ƙaninsa, magidanci mai sanyin hali wanda ba ya iya ce wa babba a'a. Kafin mako ya zagayo, na gaba sun jera buhunan yashi a kanal, kowa yana rantsuwa yau ranarsa ce.

Inusa ya sami Shamsu a bakin ƙofar ruwa, ya gaishe shi har da russunawa, abin da bai taɓa yi masa ba.

"Shamsu, ka ji tsoron Allah. Daga ƙarshe ake farawa, kai ma ka sani."

"Na sani, Baba Inusa. Amma Alhaji Ukasha na gaban layi ya ce Baffa ya canza tsarin bana. In ce masa ƙarya yake?"

"Ƙarya yake mana."

"To, nuna mini inda aka ajiye na gaskiyar."

Inusa ya juya ya bar shi nan. Ya taka da ƙafa har ofishin Badamasi da rana tsaka. Badamasi bai yi masa gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Ya ce, "Malam Inusa, ba ni da abin da zan kama kowa da shi. Zan kira taro, amma sai Alhamis ta sama."

"Alkamata ba za ta kai Alhamis ba."

"Na sani."

Daga nan ya zarce gidan Malam Maikano. Halimatus Sa'adiyya, 'yar Malam, ta shigar da shi zaure inda aka jingine tsohon da matashi. Inusa ya durƙusa ya kama hannunsa mai rai.

"Malam, kalma ɗaya kawai. Ka ce daga ƙarshe ake farawa, in kawo shaidu su ji."

Tsohon ya fahimta sarai, idonsa ya nuna. Ya yi ta kokawa da harshensa har gumi ya karyo masa, abin da ya fito bai wuce gurnani ba. Halima ta sa masa biro a hannun hagu, ya ja wani layi karkatacce, biron ya suɓuce. Hawaye suka gangaro masa ta gefen da ya shanye. Inusa ya so ya ji haushinsa, amma ina, shi Inusan da bakinsa ya hana a rubuta.

Ran Alhamis aka yi taron. Aka rubuta tsarin tsaf, aka zaɓi mutum biyar, aka ce daga ƙarshen layi za a dinga farawa kamar yadda Malam yake yi. Sunan Inusa ne na farko a takardar, shi ya fara dangwala yatsa, ba wanda ya iya kallon fuskarsa.

Washegari da hantsi ruwa ya shigo gona ta ashirin da bakwai, cike da kanal, yana gudu. Inusa ya tsinko kan alkama ɗaya ya murza a tafinsa, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, ba ko ƙwaya ɗaya. Ya daɗe a tsaye ruwan yana rufe masa idon sawu, sannan ya ɗauki fartanya ya buɗe wa gona ta ashirin da shida. Ya ɗaga hannu ya yafito Bafulatanin da ke kiwo a gefen daji, ya ce ya shigo da shanunsa su cinye.