Yatsun da Na Ƙara wa Kafinta

Shekara ashirin da shida ina ɗaukar hoto, na ga marasa kunya iri-iri, amma waɗanda suka shigo mini shago ranar wata Asabar da hantsi sun fi kowa. Su biyar ne, maza uku mata biyu, kowa ya ci ado, ga turare kamar an fasa kwalba. Babbansu suke kira Darakta. Ban san abin da yake shugabanta ba, in ban da tumbin da ya turo gaba. Sai da kowa ya sami kujera ya dasa ido a waya, sannan wani dattijo ya shigo yana dogara sanda. Babu wanda ya riƙe masa ƙofa, babu wanda ya motsa. Ni na jawo masa benci.

Mahaifinsu ne, tsohon kafinta. Da ya ba ni hannu sai na ji yatsu uku, injin yankan katako ya tafi da biyun tun yaran suna firamare. Ya gaya mini a hankali cewa bai taɓa yin hoto da su duka a wuri ɗaya ba. Har ya haɗa firam da kansa, ya kafa ƙusa a bangon ɗakinsa tun jiya. Ya faɗa mini tsawo da faɗi, na rubuta a bayan wata takarda.

Da aka zo jeri, nan na ga tarbiyya. Autarsu ta zare sandar daga hannunsa, ta cusa bayan labule, wai za ta ɓata hoto. Yayarta ta cire masa hula ta ɗora masa wata sabuwa da ta faɗo har kunne. Suna ta juya shi kamar kujera, kuma a kansa suke magana, ba da shi ba.

"Tsoho, rufe baki mana, giɓin nan zai fito," in ji Darakta. "Hannun nan kuma ka tura shi cikin riga."

Ya rufe bakin. Hannun ma ya ɓoye, amma daidai lokacin da zan danna sai ya fito da shi ya ɗora a gwiwa. Na gani, na danna abina.

Washegari Darakta ya dawo shi kaɗai, ya tsaya a kaina gaban kwamfuta yana huci. Wai a ofis za a rataye hoton, kuma manyan mutane ke shiga ofishinsa. A goge tamojin fuskar tsohon, a cike masa haƙora, a ƙara masa yatsu biyu. Na ce masa ai da wannan hannun aka yi masa karatun da ya kai shi ofishin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce hoto ya zo yi, ba tarihi ya zo ji ba.

Na yi. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Daga hannun Darakta da ke cikin hoton na yanko yatsun, masu laushi suna sheƙi, yatsun da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi makullin mota nauyi ba, na liƙa wa dattijo. Sannan ya sa na goge na asalin a gabansa, kada wani ya gani. Na goge ina tsaki a zuci, wanda ba ya tsinana wa kowa komai.

Kwana uku bayan haka dattijon ya zo a ƙafa, da firam a hammata naɗe cikin jarida. Tsohuwar hularsa ce a kansa. Na rasa yadda zan yi, na juyo masa da babban hoton da ke jingine yana jiran Darakta. Ya matso kusa, ya daɗe yana kallo, ya bi fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya ce sun fito da kyau, Allah ya yi musu albarka. Da ya zo kan mutumin da ke zaune a tsakiya sai ya tsaya.

"Wannan bawan Allah bai taɓa riƙe zarto ba," ya ce.

Ya tambayi na asalin. Na gaya masa gaskiya, har da wanda ya sa, har da wanda ya danna. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai yi ba, ya gyaɗa kai kawai, ya koma kan benci ya ce in ɗauke shi shi kaɗai. Ya gyara hula, ya riƙe sanda da hagu, ya baza hannun daman a ƙirji, ya yi murmushi har giɓin ya fito sosai.

Na wanke hoton nan take a kan awon da ya ba ni. Ya shiga firam ɗin daram, ko tsinke ba zai wuce ba. Na miƙa masa da hannu biyu, ya duba, ya shafa katakon, ya turo mini abinsa.

"Bar shi nan wurinka, ɗana. In na kai gida, gyara shi za su yi."

Na rataye shi sama da ƙofa. Da yamma Darakta ya zo ɗaukar nasa, ya tsaya daidai ƙarƙashinsa ya fi minti goma yana waya, yana gaya wa wani cewa shi fa ba ya wasa da iyaye. Bai ɗaga kai ba har ya fita.