Ambulan ɗin Malam Wataƙila

Malam Wataƙila ya ɗaga ambulan ɗin saitin tagar ofishin malamai yana ƙare wa bakinsa kallo. Gam ɗin ya ɗan yamutse ta gefe guda. Jiya ba haka yake ba. Ko dai haka yake?

Kwana goma sha tara ke nan da ya karɓo shi daga asibiti. A ciki akwai sakamakon ɗan naman da aka yanka daga kullutun da ya fito masa a wuya, kuma har yau bai buɗe ba. Cikin littafin fiziks yake ɓoye shi, ya je da shi aji, ya koma da shi gida. Ɗalibai ne suka laƙaba masa wannan suna, don ba a taɓa tambayarsa abu ya ce e ko a'a kai tsaye ba.

“Za ka huda shi da ido,” in ji Dogo, ɗayan malamin fiziks, wanda shi kaɗai aka gaya wa maganar. Shekara goma sha biyu suna musu a kan teburin nan, ba wanda ya taɓa sakar wa wani.

“Ka san matsayina,” Malam ya ce. “Ƙwayar zarra, kafin a auna ta, ba nan take ba, ba can take ba, duka biyun take. Awo ne ke tilasta mata tsayawa wuri guda. Muddin ban buɗe ba, da sauran rabina mai lafiya.”

“Ba abin da ke tsayawa, ɗan'uwa. Duniya ce ke rabewa biyu. A ɗaya kana nan kana cika mana kunne, a ɗaya kana kwance ana ƙara maka ruwa. Duk biyun suna nan, ka buɗe ko kar ka buɗe.”

“Wa ya taɓa zuwa ɗaya duniyar ya dawo?”

“Kai wa ya taɓa ganin abu a wuri biyu? Kuma takarda ba zarra ba ce, kai ma ka sani.”

Ya sani mana. Tsoro ne kawai ya sa wa rigar ilimi, kuma rigar ta zauna masa daidai. Ya shafa maɓallin wuyan rigarsa, wanda ya kwana biyu yana bari a buɗe, wai saboda zafi.

“To in wani ya leƙa, ni ban leƙa ba fa?” ya tambaya a hankali. “Maganar ta tsaya a wurinsa, ni a wurina tana lilo?”

“Wa kake zargi?”

“Maman 'yan biyu. Ta daina faɗan littattafan da nake barbazawa a kan gado. In na shigo sai ta tsayar da keken ɗinki ta bi ni da ido. Yau har ƙofa ta rako ni. Shekara ashirin da biyu, Dogo, matar nan ba ta taɓa rako ni ƙofa ba. Mai lafiya ake yi wa haka?”

Dogo ya duƙufa kan juya shayin da ya riga ya huce. Sai a lokacin Malam ya lura cewa kujera mai katifa, wadda kullum suke rige-rigen zama a kanta, yau shi aka bar wa.

“Kai ma?”

“An buga ƙararrawa,” Dogo ya ce, ya kwashi allinsa ya fice.

A cikin bas wata tsohuwa ta matsa masa wuri, ita ma sai da ya harare ta.

Ya iso gida da la'asar bai ji ƙarar keke ba. Matarsa na zaune a falo da shirin fita, jaka a cinya. Ya ajiye ambulan ɗin a kan teburin ɗinki, tsakanin almakashi da tef ɗin awo.

“Kin buɗe.”

“Na buɗe. Yau da safe, kana wanka, da tururin buta.”

“Amma tun makon jiya kike lallaɓa ni.”

“Tun makon jiya na gan shi a littafinka, da hatimin asibiti. Na kira Dogo, ya ce in ƙyale ka, wai tunani kake. Na ƙyale ka har na gaji, Baban 'yan biyu.”

Ya dafa teburin. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har da ɗan haushin cewa an riga shi sanin kansa.

“To... wanne ne?”

“Babu ko ɗaya.”

Ta ɓare ambulan ɗin, ta miƙa masa takardar. Layi uku ne kacal. Naman da aka ɗauka bai isa a gwada ba. A dawo cikin kwana uku a sake ɗauka. An ja layi a ƙarƙashin kalmar gaggawa.

Ya karanta sau biyu, ya juya bayan takardar ko da ƙari. Fari fat.

“Kwana goma sha tara kana gadin takardar da ba ta san komai ba,” ta ce. “Kai da abokinka kuna ta raba duniya. Shi abin da ke wuyanka jiranku yake yi?”

Malam ya kai hannu ya jawo maɓallin wuyan rigarsa zuwa ga raminsa. Ranar da ya karɓo ambulan ɗin, da wannan rigar ya je, maɓallanta a rufe har sama. Ya ja, ya sake ja. Saura kusan faɗin yatsa biyu su haɗu.

Ta miƙe ta rataya jakarta.

“Likita na nan har ƙarfe biyar. Kar ka cire takalmin.”