Almu Bai Sauka Ba

Shekarar da tsutsa ta cinye auduga a Wad Haddad, can ƙasar Sudan, hukuma ta turo tallafin iri da dawa. Sharaɗin guda ne: na mazauna ne, ban da masu wucewa.

Mai rabon ya tambayi tsoho Almu da Larabci, "Kai mazaunin nan ne?"

Almu ya ce, "A'a, muna kan hanyar Makka."

Haka mahaifinsa yake faɗa tun da suka baro Sakkwato a ƙafa da niyyar aikin Hajji, haka shi ma ya gada, ga shi har ya yi furfura a nan. Mai rabon ya san shi sarai. Ya sassauta murya ya sake tambaya, amma amsar ba ta canza ba.

Da ya koma gida da buhu wayam, matarsa Dije ta tare shi a ƙofa. "Haba Malam! Kalma guda ta gagare ka, ga jikoki da yunwa? Baba da 'ya'yanmu biyu da ke kwance bayan gari, su ma wucewa suke yi?"

Almu ya naɗe buhun a hankali. "To Dije, ke za ki je ki gaya wa Baba mun fasa?"