A Bayan Tirelar Katako

Tirelar katako ta sha gabanmu tun daga gindin tudu, tana jan jiki kamar mai ciwon ƙafa. Yaya ne ke tuƙi, ni ina gefensa. Inna tana baya, an rufe mata ido ɗaya da auduga. Likitan ido ya ce ƙarfe sha ɗaya, wanda ya makara kuma sai wani watan.

Yaya ya karkata motar ya leƙa ta gefen tirelar, ya dawo. Ya sake leƙawa.

"Manaja," ya ce da ni, "kashi nawa?"

Na sunkuyar da kai.

Sunan daga wasan da ke wayarsa ya samo asali. Tseren motoci ne, amma ba kai ke riƙe sitiyari ba. Naka shi ne ka zaɓi taya, ka auna mai, ka gaya wa direbanka ya matsa ko ya jira. In motarka ta kamo ta gaba sai lamba ta fito, a ce kashi sittin cikin ɗari za ka wuce. Ka danna, wasan ya jefa maka ƙuri'a, ko ka wuce ko ka bugi ƙarfen gefen hanya. Cikin mutum ashirin da Yaya ke karawa da su, waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba, kullum shi ne wajen na sha biyar. Da aikin gyaran firji ya yi masa yawa sai ya riƙa bar mini wayar da rana. A wata biyu na kai shi na uku. Tun daga nan ya ɗauka ina hango abin da wasu ba sa gani.

"Ki ce in wuce kawai," ya ce. "Abokaina cewa suke sa'a ce, ni na san iyawa ce."

"Wace iyawa?" Inna ta ce daga baya. "Yarinyar da ko kaza ta harare ta sai ta canza hanya?"

Yaya ya yi dariya. Ni ban iya ba. Gumaguman da ke kan tirelar sun tsere wa motarmu tsawo, sarƙa biyu ke riƙe da su, ɗaya tana rawa. Ɓawon itace yana faɗowa kan gilashinmu. Gaba kwana ce, kuma hawa ne. Ban da hayaƙi da bayan tirelar ba na ganin komai.

Tunda nake ban taɓa ce wa Yaya a'a ba. Ko ruwa ya ce in kawo ina tsakiyar cin abinci, tashi nake.

"Saura minti ashirin da biyar, Manaja."

"Yaya," na ce, muryata kamar ta sauro, "ban taɓa dannawa ba."

"Danna me?"

"Wajen wucewa. Ko sau ɗaya. Ko kashi tamanin ya nuna, tsoro nake ji. Bayansu nake bi har su cinye tayarsu ko su bugi juna, sai in ga na hau sama."

Ya dube ni, ya dubi agogo.

"To, can ke nan. Nan hanya ce, kuma shekarata tara ina tuƙi."

Ya kunna sigina, ya taka totur. Motar ta fita ɗaya hannun. Tayoyin tirelar suka zo daidai tagata, kowace ta kusa kai ni tsawo, suna gurnani. Motarmu tsohuwa ce, tana ihu amma ba ta ci gaba. Na ga kwanar tana matsowa, ban san abin da ke bayanta ba. Na ji Inna ta fara salati.

Ban san lokacin da na damƙi hannun rigarsa ba.

"Koma! Yaya, koma!"

Ban taɓa jin muryata ta kai haka ba. Shi ma bai taɓa ji ba, don kafin ya yi tunani ƙafarsa ta hau birki. Muka koma cikin hayaƙin.

Muka sha kwanar a bayan tirelar. Hanya ta miƙe fetal, babu ko keke.

"Kin gani?" ya ce, yana huci. "Ko akuya babu! Da yanzu mun yi nisa."

Na ce, "Yanzu ka gani. Ɗazu ba ka gani ba."

Kafin ya sake shiri wata kwanar ta taso, bayanta wata. Agogo ya nuna sha ɗaya saura kwata.

"Kai," Inna ta ce, "na yi shekara da ido ɗaya, wata guda ba zai kashe ni ba. Ka bi bayan mutumin nan, in sauka da ƙafata."

Yaya ya ja tsaki, ya sassauta gudu har muka ba tirelar tazara. Ni dai ban saki rigarsa ba. Sha ɗaya ta buga muna kan tudun.