Haƙoran da Aka Wanke

Shekara goma sha tara ina aiki ɗaya a ɗakin gwajin nan: ciro harshen dodon koɗin teku, irin marar ɓawo. Harshen kamar magagari yake, haƙora jere a kansa, da su yake huda ciyawar ruwa ya tsotse. Duka-duka bai wuce ƙwayar yashi ba. Da bakin allura nake ɗaga shi, in shimfiɗa a fallen gilashi, in manne. Gilashi ɗari huɗu na tara, a kansu idona na hagu ya raunana.

Ran Litinin na shigo na tarar da akwatin da nake adana su wayam. Tsohon da ke mana shara yana tsugune gaban baho, ruwan zafi na tururi, gilasaina jiƙe a ciki.

"Baba, me zan gani haka?"

"Sabon shugaban sashe ne ya ce in wanke, Hajiya. Wai babu komai a kansu, ɗalibai na bukata."

Babu komai! Raina ya ɓaci. Na haye sama ofishin shugaban, ko sallama ban yi ba.

"Yallaɓai, ka taɓa sa ko ɗaya a na'urar ƙara girma?"

"Na ɗaga a taga na duba," in ji shi, yana juya shayinsa. "Ɗan datti-datti ne kawai."

Na ce masa cikin dattin nan akwai harshen wani irin dodon koɗi da ba ya yar da tsohon haƙori. In ya dakushe, sai ya adana shi a 'yar jaka ƙarƙashin bakinsa. Wata uku na yi kafin na ciro jakar ba ta fashe ba.

"To a kamo wasu mana. Tekun ƙafewa ta yi?"

Na sauko na ƙwace bahon. Ɗigo-ɗigo na riƙa ɗiban ruwan ina dubawa a na'ura, ko abinci ban nema ba. Wajen la'asar na ga haƙori ɗaya, lanƙwashe, bakinsa a dakushe. Na kira Baba ya leƙa.

Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ashe da gaske haƙori ne," ya ce a hankali. "Hajiya, ki yafe mini. Wannan baho na biyu ne. Na farkon tun da safe na juye a kwata."