Jan Takalmin Faith

"Mama, me ya sa suka ɗora ni can sama ba takalmi?"

Keke ya tsaya sauke fasinja a Shango lokacin da Faith ta jefo tambayar, da ƙarfi kuwa, don yarinyar ba ta san rage murya ba. Matar da ke gefensu ta leƙa. Mamarta Hannah ma ta leƙa.

A bangon wani shagon siminti an ɗaure ƙatuwar fosta ta leda. Ɓangaren hagu ga Faith zaune a ƙasa, jikin rusasshen bango, kitso a warware, ƙafa ba komai. A ƙarƙashinta an rubuta: Kafin su san Riƙe Kobonki. Ɓangaren dama wata yarinya ce daban, mai kumatu, tana dariya: Bayan sun sani. A ƙafar wannan yarinyar kuwa jan takalmi ne, maɗaurinsa na hagu an ɗinke shi da baƙin zare. Hannah ta san ɗinkin, da hannunta ta yi shi. Takalmin ma ga shi nan a ƙafar Faith a cikin keken.

"Ayya, ashe ke ce," in ji matar gefen, tana duban Faith da tausayi. "Allah ya saka wa mutanen nan da alheri."

Hannah ta ce wa mai keke ya sauke su.

Ita ba baƙuwar Riƙe Kobonki ba ce. Tana nan tun ƙungiyar na gindin mangwaro a Fadikpe, da bencinan aro daga coci, masu hijabi da masu ɗankwali a jere, Anti Elizabet na koya musu raba kuɗin sana'a da kuɗin miya, da sayen kayan Kirsimeti ko na Sallah tun damina kafin farashi ya haukace. Abin ya amfane ta, ba za ta musa ba. Da wannan dabarar keken ɗinkinta ya daina kwana ba zare, da ita kuma ta sayi jan takalmin. Maƙwabtanta ma ita ta riƙa jawo su.

Daga baya baƙi suka fara zuwa daga Abuja. Sai mota mai rubutu a jiki, sai riguna iri ɗaya, sai ofis a saman bene. Ranar raba satifiket aka kwashe yara waje, wai kada su dami taro. Faith ta dawo da biskit a hannu, kai a yamutse, ta ce wasan kwaikwayo suka yi. Hannah har dunguri ta yi mata don ta lalata kitson da aka yi jiya. Wannan dungurin ne ya fi ci mata rai yanzu, tana hawa benen ofishin riƙe da hannun 'yarta.

"A'a, Maman Faith! Kin ga tauraruwarmu?" Sheshi ne, saurayin da ke ɗaukar musu hoto, ya tare ta da fara'a. "Wallahi hoton nan ya yi aiki. Mutanen Abuja har da masu hawaye."

"Wa ya cire mata takalmi?"

"Haba, minti nawa ne? Ai mun mayar mata."

"Waccan yarinyar fa?"

"'Yar ƙanwar Madam Elizabet ce. Kin san Faith ba ta da jiki, in muka ce ita ce ta ƙoshi ba wanda zai yarda."

Haka ya faɗa, a gaban yarinyar, yana gyara igiyar kyamararsa. Faith siririya ce kamar babanta Irimiya, wanda ke cin tuwo malmala uku ba ya nunawa. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba.

Anti Elizabet ta fito daga ɗakinta mai sanyi, ta kama hannun Hannah da hannu biyu. Turarenta ya cika wurin.

"Ƙanwata, zauna. Kin san masu ba da tallafi, sai sun ga abin tausayi suke buɗe hannu. Da hoton nan za mu buɗe reshen Wushishi. Ki tuna matan can, su ma su samu abin da kika samu."

"Anti, ki zaunar da 'yar ƙanwarki a ƙasan mana."

Murmushin Anti ya ɗan ja baya, ya dawo. "Kada mu yi haka da ke. Dama ina so in mai da ke jakadiyarmu. Akwai riga, akwai shinkafa duk wata."

"A sauke fostar."

"An riga an biya, Hannah. Ta Wushishi ma an buga."

Hannah ta zare hannunta, ta goge shi a zaninta, a gaban matar da ta taɓa kai wa kunun gyaɗa gindin mangwaro.

Ba ta je gida ba. Almakashinta na cikin jaka, dama yadi za ta karɓo. Ta koma shagon simintin ta gaishe da mai shagon, wani dattijo Malam Muttaka, ta nuna masa fostar, ta nuna masa Faith. Ya dubi sama, ya dubi yarinyar, ya dubi takalmin ƙafarta. Sai ya shiga ciki ya fito da tsani, ya riƙe mata ƙasansa.

"Hau a hankali, 'yata. Ni ban ga komai ba."

Da rana tsaka, masu keke na kallo, ta yanke ɓangaren hagu tsaf kamar tana fitar da hannun riga. Ta naɗe ledar ta sauko. Aka bar 'yar ƙanwar Madam ita kaɗai a sama, tana dariya cikin takalmin da ba nata ba.

Sai dai almakashi bai kai Wushishi ba, bai kuma shiga wayoyin mutane ba. Ranar Lahadi wata tsohuwa a coci ta cusa wa Faith doya a leda, tana shafa kanta. A makaranta akwai masu kiranta 'yar fosta. Tun daga ranar da ta ga fostar kuma Faith ba ta yarda a cire mata jan takalmin. Ko wanka sai an yi kokawa, tana riƙe maɗaurin tana tambaya ko za a ba wata.

Har yau Hannah na raba kuɗin sana'a da na miya, don karatun ba shi ya yi mata laifi ba. Amma ke mai yaro, ki ji da kyau: ki je taronsu, ki koyi abin da za ki koya, ɗanki kuwa ya zauna a cinyarki. Duk wanda ya zo da kyamara da biskit ya ce bari yara su fita wasa, ki tashi ki bi bayansu, ko da sunanki ake kira a ba ki satifiket.