Maganin da Aka Rataye a Reshen Dalbejiya

A zamanin Turawa an yi wani kuku a Kankiya, sunansa Dawuda, yana yi wa Baturen hanya girki. Mutum ne mai shiru, ga son kallon abin da bai dami kowa ba. Yakan tsaya da ludayi a hannu yana kallon tururuwa har miya ta kama.

Wata bazara aka kawo surukarsa Kulu daga Ƙofa bisa jaki, ciwo ya ci jikinta, don a riƙa yi mata allura a ɗakin shan magani. Aka sauke ta wurin ɗiyarta Zinariya, matar Dawuda. Haƙoran Kulu uku, kuma babu mai fuskantar wani.

Amma ba haƙoran ne damuwar ba. Kulu mutuniyar da ce, tun da take ba ta taɓa sa loma a gidan suruki ba. Ruwa tana sha, don ruwa na Allah ne. Furar da ta zo da ita ta ƙare a kwana na uku, daga nan sai ta ce ta ƙoshi.

"Inna, ko kunu ne ki kurɓa," in ji Zinariya.

"Da geron wa aka dama shi?"

"Na gidan nan."

"To na ƙoshi."

Kwana biyu tana ƙoshi, har tashi alwala ya gagare ta. Malamin asibiti ya kira Dawuda gefe ya ce, "Allura ba ta zama a cikin da babu komai. Nono take so, ko ƙwai, abin da zai mai da mata tsoka. In ba za ta ci ba, ku mai da ta ta cika a ɗakinta."

Dawuda ba shi da halin roƙonta. In ya shigo gida takan juya wa ƙofa baya, shi kuma ya gaishe ta daga bayan zana, a durƙushe. Yana durƙushen ne wata safiya ya ji Zinariya ta miƙa mata ƙwayar asibiti, mai ɗacin nan da ke sa ƙato hawaye. Ta haɗiye ba musu, ba ta tambayi ta wa ce ba. Ya daɗe a wurin yana tunani har ƙafarsa ta mutu. Ashe magani ba shi da suruki.

Akwai wani cuku mai taushi da yake yi wa Bature, ana shafawa a burodi. Ya sayo kindirmo wurin Fulani, ya juye a farin ƙyalle, ya ɗaure, ya rataye a reshen dalbejiyar tsakar gida, daidai inda Kulu za ta gani. Ruwa ya riƙa ɗiga. Wani ƙadangare ya zo ya zauna ƙarƙashi, yana lasa yana gyaɗa kai.

"Ke, mi aka rataye can?" in ji Kulu.

Dawuda ya amsa daga bayan zana, amma Zinariya yake wa magana. "Ki gaya wa Inna maganin Turawa ne. Sai ya yi kuka tun hantsi har la'asar kafin ya nuna."

"Ki tambayi yaron nan, da ɗaci?"

"Ki ce mata Bature da kansa sai ya rufe ido."

Wannan gaskiya ce, Bature yakan rufe ido in yana ci.

Da la'asar ya kwance ƙyalle. Abin ya haɗu, fari tas, da laushi kamar ɓargo. Ya barbaɗa gishiri, ya shafa a kan waina biyu, ya ce wainar ba abinci ba ce, abin riƙe magani ne, don ba a taɓa shi da hannu. Ya ɗora a faranti na tangaran, ya rufe da wani farantin.

Kulu ta yi bisimilla, ta ɓata fuska tun kafin ya kai baki. Ta cinye, ta ce, "Kai, Nasara ba su da tausayi." Ta suɗe yatsa don kada magani ya tafi a banza.

Aka yi ta yi, safe da yamma. Ran nan a waina, ran nan a dama shi cikin kunu, ran nan a murje da dafaffen dankali. A kwana na tara ta tashi alwala da ƙafarta. A na goma sha biyu ta share tsakar gida, ta yi wa Zinariya faɗa a kan tsintsiya.

Ran nan Dawuda yana durƙushe bayan zana, sai ya ji ta yi gyaran murya.

"Ke, ki gaya wa yaron nan, shekara talatin ina tatsar shanun ubanki. Maganin nan na jiya, mai nonon ta cuce shi, ta kwashe man."

Kafin Dawuda ya buɗe baki, ta ci gaba.

"Gobe ya nemi na Hawwa, matar Bube, ita ba ta kwashewa. Kuma ya tambayi Baturen, in an sa yaji kaɗan, yana karya magani?"

"Ki ce wa Inna ba ya karyawa."

"Ya tambaya dai," in ji Kulu.